Gargaɗi: Kada Littafin Bashinku Ya Kwana a Wuri Ɗaya

Wannan gargaɗi ne ga masu kantuna da kemis, masu asibitoci da makarantu masu zaman kansu, dillalan hatsi da masu kamfanonin sufuri, da duk wanda ya riga ya kwashe lissafinsa daga takarda ya zuba a kwamfuta, ko yake shirin yin haka. A 'yan shekarun nan masu tallar manhaja sun cika kasuwanninmu, kuma sun kasu gida biyu. Wasu su ce, "Alhaji, ka sayi saba, wato babbar kwamfutar ajiye bayanai, ka ajiye a ofishinka, kayanka na gabanka, ba mai leƙa maka." Wasu kuma su ce, "Hajiya, ai zamanin saba ya wuce, ki koma gajimare," wato mutum ya yi hayar wuri a manyan kwamfutocin wani kamfani, yana shiga ta intanet yana biya wata-wata. Kowannensu da hajarsa ya zo, shi ya sa kowannensu rabin magana yake faɗa. Rabin da suke haɗiyewa shi ne mai kashe kasuwa: ko wanne kuka ɗauka a cikin biyun, muddin bayananku a wuri ɗaya suke, to rana ɗaya ta isa ta raba ku da su har abada.

Idan na ce bayanai, ina nufin sunayen masu bashi da abin da ake bin kowa, abin da ya rage a sito, albashin ma'aikata, tarihin jinyar marasa lafiya, sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara da shekaru. Kaya in sun ƙone ana iya sake sarowa, 'yan'uwa su taimaka, ƙungiyar kasuwa ta yi karo-karo. Amma littafin bashi in ya tafi, sai mai tsoron Allah ne kawai zai tako da ƙafarsa ya ce ana bin sa.

Bari in fara da sabar cikin gida, domin ita ce ta fi kwanta wa mutanenmu a rai. Ku shiga ɗakin baya na yawancin wuraren da suka saye ta, ku ga yadda take. Tana ƙarƙashin tebur ko a lungu kusa da kwalaye, fankarta na gurnani saboda ƙurar hunturu ta toshe mata hanyar iska. Batirin da aka haɗa mata don ɗauke wuta ya mutu tun bara, yana ta ƙara ba mai kula shi. A samanta kuma an ɗora wani ɗan faifan ajiya da waya ta haɗa su, shi ne wai kwafin da za a koma wa in wani abu ya faru. Soket ɗaya suke sha, ɗaki ɗaya suke kwana. Wutar da za ta zo da ƙarfi ta ƙona ɗaya ita za ta ƙona ɗayan, ɓarawon da zai ɗauki babbar ba zai bar ƙaramin ba, ruwan da zai shigo ba zai zaɓa ba. Mai wannan wuri yana barci da tunanin yana da kwafi biyu, alhali ɗaya gare shi.

Kuma mu ba baƙin gobara da ambaliya ba ne. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye shaguna sama da 3,000 a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya na maƙudan kuɗi. A Fabrairun 2023 kasuwar Monday Market ta Maiduguri ta ƙone, sannan a ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, har da asibitoci da kasuwanni. Ba wanda aka yi wa sallama kafin waɗannan su zo.

Sai maganar wuta, wadda mai sayar da saba ba ya sa ta a takardar farashinsa. Saba ba ta hutawa, dare da rana take aiki, kuma ba ta son zafi. Ƙaramar saba mai cin wat 300 tana shan yunit 216 a wata. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, wato a kan wannan farashi saba ita kaɗai za ta ci naira 48,600 a wata, ban da na'urar sanyaya ɗaki wadda ta fi ta ci. Wannan in akwai wutar ke nan. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta, a lokacin da litar dizal ta riga ta haura naira 1,000. 'Yan'uwanmu na Yamai, Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana nasu tun daga Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa musu daga Najeriya tsawon watanni. Saba kuwa in ana kashe ta ba shiri ana kunnawa, faifanta ne ke fara mutuwa, kuma ba ya sanarwa.

Akwai kuma ɓarayin da ba sa fasa ƙofa. Su nasu shi ne su sako wata muguwar manhaja ta kulle duk bayanan wuri, sannan su nemi kuɗin fansa. Suna yawan samun shiga ta tsohuwar manhajar da aka daina sabuntawa, da kuma ta satar fasaha wadda aka kwafo a kasuwa. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya sa asibitocin gwamnati a Birtaniya soke ganin likita har kusan 19,000, ya bi ta wata kafa ce da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta wata biyu kafin nan, mutane ne ba su saka ba. Yanzu Microsoft ya daina kula da Windows Server 2012 tun Oktoban 2023, ya kuma janye kulawar yau da kullum daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ku tambayi mai kula muku da kwamfuta wanne kuke kai. Ku kuma sani cewa faifan kwafin da ke maƙale da saba kullum, tare za a kulle su.

Mai tallar gajimare in ya ji wannan zai gyaɗa kai ya ce ai shi ya sa. To shi ma ga nasa.

A ranar 14 ga Maris, 2024 manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku, wato WACS, ACE, SAT-3 da MainOne, suka katse a kusa da gaɓar Kodebuwa. Najeriya, Gana da maƙwabtansu da dama suka shiga tangarɗa. Manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa, kamfanonin da duk aikinsu ke rataye a ƙasashen waje suka zauna suna kallon allo, kuma sai da aka yi makonni kafin jiragen gyara su gama aikinsu. Dalilin da ya sa abin ya yi zafi shi ne manyan cibiyoyin kamfanonin gajimare ba a kusa da mu suke ba. A nahiyar Afirka, Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a birnin Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024, kuma da yawa daga cikin manhajojin da ake sayar mana a Turai ko Amurka suke zaune. Duk rasit ɗin da yaron shago ya buga a Kano sai ya ratsa ƙasa zuwa Legas, ya shiga teku, ya je ya dawo.

Mu a Arewa ma ba sai an je teku ba. A ranar 3 ga Satumba, 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Daga baya abin ya shafi ƙananan hukumomi 13 a Katsina, 14 a Sakkwato, da wasu sassan Kaduna. Mako biyu aka ce da farko, amma a wurare da dama sai da ya ɗauki watanni, mutane na tafiya wata jiha don su buga waya kawai. Ku ɗauka kemis ɗinku a Gusau yake a lokacin, kuma farashin magani, abin da ya rage a kanta da sunayen masu bashi duk suna gajimare. Bayananku na nan lafiya lau a wata ƙasa, ku kuma ba ku da hanyar ganin su, ga mai ciwo tsaye a gabanku. Ban ga dalilin da zai sa wani ya rantse cewa irin wannan ba za ta sake faruwa ba. Ko ba wannan, yanke wayar ƙarƙashin ƙasa wajen aikin titi abu ne na kullum. Su kansu manyan kamfanonin gajimare ma suna tuntuɓe, domin a ranar 20 ga Oktoba, 2025 matsala a cibiyar Amazon ta jihar Virginia ta tsayar da dubban ayyuka a faɗin duniya na sa'o'i masu yawa.

Sai dala. Yawancin hayar gajimare da dala ake yanke ta, ko da an karɓa da naira. Wanda ke biyan dala 500 a wata, a watan Mayun 2023 kimanin naira 230,000 yake fitarwa a farashin gwamnati na naira 460. Zuwa Fabrairun 2024, da dala ta kai wajen naira 1,500, kuɗin nan ya koma naira 750,000, ba tare da an ƙara masa komai ba. A tsakanin 2022 da tsakiyar 2025 kuma bankuna da yawa sun hana amfani da katin naira wajen biya a ƙasashen waje, mutane suka koma bin 'yan canji da katunan wasu. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin ƙa'idar haya ita ce in an daina biya a dakatar da asusu, in wa'adi ya cika a share abin da ke ciki. Kwamfuta ce ke aiwatar da wannan, ba ta san uzuri ba, ba ta san mutunci ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane suka yarda cewa abu in ya hau gajimare ya tsira ke nan. Ba haka ba ne. A daren 10 ga Maris, 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa ƙurmus, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Wasu abokan cinikinsa sun biya kuɗin kwafin ajiya, sai daga baya suka gano cewa kwafin a wuri guda yake da na asali. Kotu ta sa an biya wasunsu diyya, amma diyya ba ta dawo da bayanai. A watan Mayun 2024 kuskuren saiti a Google Cloud ya share asusun gajimare na UniSuper, wani asusun fansho ne na ƙasar Ostareliya mai mambobi sama da 600,000. Suna da kwafi a yankuna biyu, amma da yake duk a ƙarƙashin asusu ɗaya suke, tare suka tafi. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da suka ajiye a hannun wani kamfani daban, kuma duk da haka sai da suka yi kusan mako biyu kafin komai ya daidaita. A ranar 26 ga Satumba, 2025 kuma batir ya kama da wuta a cibiyar bayanai ta gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ɗaruruwan ayyukan gwamnati suka tsaya, kuma ma'ajiyar takardun ma'aikata mai girman terabait 858 ta salwanta saboda ba a yi mata kwafi ba. Waɗannan masu kuɗi ne da ƙwararru da wutar da ba ta ɗaukewa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku karanta yarjejeniyar da ake sa ku danna amincewa a kanta. Abin da take cewa a taƙaice shi ne kamfani zai kula da gini da na'urori, ku kuma ku kula da bayananku da mabuɗanku. Kamar hayar shago ne a babbar kasuwa: hukumar kasuwa ta sa masu gadi a ƙofa, amma kwaɗon shago da wanda aka ba makulli, wannan na mai shago ne.

A nan ne na fi ganin ɓarna a wurarenmu, kuma ita ce ba a magana a kanta. Je ka tambayi mai wuri, da sunan wa aka buɗe asusun? Sai ya ce yaron da ya haɗa mana ne ya san wannan. Yaron ya buɗe da adireshinsa na Gmail, lambar tabbatarwa a wayarsa take shigowa, katin da ake cirar kuɗi ma nasa ne, Alhaji yana tura masa wata-wata. A idon kamfanin da ke can, yaron nan shi ne mai dukiyar. Ba sai ya zama macuci ba. Yana iya samun aiki a Abuja, yana iya tafiya hidimar ƙasa, ana iya sace masa waya, rai kuma a hannun Allah yake. In kuma aka rabu ba daɗi, to shekarun aikinku na aljihunsa. Haka abin yake a sabar cikin gida, inda mutum ɗaya tal ya san babbar kalmar sirri. Kuma duk wanda ya samu mabuɗin nan ya samu komai: a watan Yunin 2014 wani ya kutsa asusun Amazon na kamfanin Code Spaces, ya nemi kuɗi, da bai samu ba ya share bayanai har da kwafinsu, kamfanin ya rufe daga nan.

Akwai doka kuma, ga wanda bai sani ba. Tun Yunin 2023 Najeriya ke da Dokar Kare Bayanan Jama'a da hukumar da ke kula da ita. In bayanan mutanen da ke hannunku suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, sa'o'i 72 gare ku ku sanar da hukumar. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ta sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Dokar ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa. Masu asibiti da makaranta, ku ne wannan ya fi shafa, domin sirrin mara lafiya da na yaro amana ce tun kafin a rubuta doka.

To me za a yi? Ra'ayina ga yawancin ƙanana da matsakaitan kasuwancinmu shi ne a raba aikin. Abin da ciniki ba ya yiwuwa sai da shi, wato buga rasit, duba farashi, fitar da katin mara lafiya, ya zama yana aiki a cikin gida ko babu sabis, sannan ya tura kwafi waje da zarar sabis ya dawo. Kafin ku biya mai manhaja, ku sa a cire intanet a gabanku, ku ce ya sayar da kaya ya buga rasit. In bai iya ba, ba ta wurinmu ba ce. Saƙon imel, takardun da ake aiki tare a kansu da shafin talla kuwa, ku bar su a gajimare, ba riba ku ɗauki nauyinsu. Mai reshe a garuruwa uku ko huɗu shi ma gajimare zai fi masa, amma da layin intanet biyu na kamfanoni daban-daban, da kwafin da yake saukewa ya riƙe a hannunsa.

Za ku ji ana ba da labarin kamfanin 37signals na Amurka, wanda ya kashe dala miliyan 3.2 kan gajimare a 2022, ya fita ya sayi na'urorinsa da kuɗin da bai kai dala miliyan ɗaya ba. Labarin gaskiya ne, amma ba a ƙarƙashin tebur suka ajiye su ba. Hayar wuri suka yi a cibiyoyin da ke da wuta da sanyi da tsaro, kuma suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Wannan hanya ta uku akwai ta a gida: Rack Centre da Equinix a Legas, Galaxy Backbone a Abuja da Kano. Wanda kasuwancinsa ya girma ya je ya tambayi farashi da sharuɗɗa, ya kuma tambaya musamman a ina za a ajiye kwafinsa na biyu.

Amma ko wacce hanya kuka bi, kwafi uku za ku riƙe: wanda ake aiki da shi, na biyu a kan wata na'ura daban wadda ake cirewa a ajiye bayan an gama kwafa, na uku kuma a wajen ginin gaba ɗaya, in da hali a wani gari ko a hannun wani kamfani daban. Faifan da zai fita daga ofis a kulle shi da kalmar sirri, kada ya faɗa hannun wani ya karanta. Asusu ya koma sunan kamfani da layin wayar mai wuri, a sa masa tabbatarwa ta biyu, a rubuta mabuɗan a takarda a rufe a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardun fili, mutum biyu amintattu su san wurin. Duk ma'aikacin da ya bar aiki a cire shi a ranar, ko da ɗan gida ne. Wannan ba rashin yarda ba ne, shi ma an sauke masa zargi.

Kafin ku sa hannu da mai gajimare, ku sa ya rubuta muku amsar waɗannan: a wace ƙasa bayanan za su zauna, kwana nawa za a jira in biya ya makara kafin a share, da wane kuɗi ake lissafi, kuma in kun tashi fita ta yaya za ku kwashe kayanku, nawa za a caje ku. Mai saba kuma ya haɗa muku lissafin shekara biyar, da wuta, da dizal ko sola, da batir, da lasisin manhaja ta gaskiya, da albashin mai kula da ita, da kuɗin sabuwa in ta tsufa. Wanda ya ƙi rubutawa, ku bar masa kayansa.

A cikin makon nan, ku kira mai kula muku da kwamfuta. Kada ku tsaya a kan "akwai kwafi, Alhaji." Ku kawo wata kwamfuta wadda ba ta taɓa aikin ba, ku ce ya dawo da lissafin jiya a kanta daga kwafin da ke wajen ofis, kuna zaune kuna kallo, ku duba agogo ku ga awa nawa ya ɗauka. Ku buɗe sunan mai bashi guda da kuka san lissafinsa da ka, ku gani ko ya yi daidai. In ya kasa, ku sa a buga jerin masu bashi da kayan sito a takarda a ranar, ku tafi da ita gida, kafin a fara gyaran sauran. In ya iya, ku sa ranar da za a maimaita bayan wata uku.